Tambayoyi kan ƙa'idar shan maganin tsutsar tundurmi

Mece ce wannan tsutsa, kuma me maganin yake kashewa?

Tsutsa ce mai haddasa tundurmi da gwaiwa. Sauro ne yake yaɗa ta, kuma nau'in da ake kira Wuchereria bancrofti shi ke haddasa kusan kashi 90 cikin ɗari na kamuwa da cutar. Manyan tsutsotsin suna zama a magudanan ruwan jiki masu ratsa kaluluwa, inda sukan yi shekara 6 zuwa 8 suna zuba miliyoyin 'ya'ya cikin jini. Magungunan da ake raba wa jama'a, wato albendazole da ivermectin da diethylcarbamazine (DEC a taƙaice), sun fi kashe 'ya'yan ne, ƙarfinsu a kan iyayen kaɗan ne, shi ya sa ake maimaita sha sau ɗaya a shekara har aƙalla shekara 5.

Nawa ake sha?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da albendazole a kan miligiram 400 ga babba da yaro. DEC kuwa miligiram 6 ne a kan kowane kilo na nauyin jiki, ivermectin kuma maikirogiram 150 zuwa 200 a kan kilo (maikirogiram 1,000 ne miligiram 1). Wato mai kilo 60 zai sha miligiram 360 na DEC, ko ƙwaya 4 ta ivermectin mai miligiram 3. Da yake ba ko'ina ake samun sikeli ba, masu rabon ivermectin sukan tsayar da mutum jikin sanda mai alamomi, su ba shi ƙwaya 1 zuwa 4 gwargwadon tsayinsa.

To me ya sa ba magani iri ɗaya ake bayarwa ko'ina ba?

A nan ne hatsarin yake, kuma a ganina wannan ya fi lissafin miligiram muhimmanci. Inda ake da cutar makantar kogi, wadda wata tsutsa daban ke haddasawa, ba a ba da DEC ko kaɗan, domin yana kashe 'ya'yan waccan tsutsa farat ɗaya, ido ya kumbura har gani ya lalace. A can ivermectin da albendazole ake haɗawa. Inda ake da tsutsar ido ta Loa loa, ivermectin kansa yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi masa yawa a jini, don haka idan ba makantar kogi a wurin, albendazole kaɗai ake bayarwa sau 2 a shekara. Inda duka biyun ba su, DEC da albendazole ake sha, kuma tun 2017 hukumar ta amince a haɗa magungunan uku a wasu yankuna.

Wa ba a ba wa?

Ba a ba mai juna biyu da mai tsananin rashin lafiya. Yaron da bai kai santimita 90 ba ba ya shan ivermectin, wanda bai kai shekara 2 ba kuma ba ya shan DEC.

Idan gwaji ya tabbatar mutum yana ɗauke da ita fa?

Likita yana iya rubuta doxycycline miligiram 200 kullum na mako 4 zuwa 6, wanda ke kashe ƙwayar bakteriya ta Wolbachia da tsutsar ta dogara da ita, sai iyayen su daina haihuwa su mutu a hankali. Ba a ba mai ciki da ƙananan yara shi.

Maganin yana saɓe ƙafar da ta riga ta kumbura?

Ba ya mayar da ita yadda take. Abin da ke hana ta ƙaruwa shi ne wanke ta kullum da ruwa da sabulu, a tsane tsakanin yatsu, a riƙa ɗaga ta, a kula da kowane rauni. Gwaiwa kuwa tiyata ce maganinta.