Masu Tambaya Kan Zama Mamban NIPR, Ga Amsoshinku

Tun da aka damƙa mini littafin mambobi a reshenmu na NIPR, wato Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin su ne dai su. Na gaji da maimaitawa. Ga su nan a rubuce, wanda ya sake kirana wannan zan tura masa.

Ina da katin NUJ, bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. NUJ ta 'yan jarida ce, ARCON kuma ta masu harkar talla ce. Hulɗa da jama'a sana'a ce mai zaman kanta, kuma NIPR ce gidanta.

Ita NIPR ɗin ƙungiyar zumunta ce ko hukuma?

An kafa ta a 1963 bisa jagorancin Dakta Sam Epelle, a lokacin sunanta PRAN. A 1972 ta koma NIPR. A 1990, zamanin mulkin soja, Doka mai lamba 16 ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista da sa musu ido, kuma dokar tana nan daram cikin dokokin tarayya. Don haka ku daina kiranta "ƙungiyar nan taku" kamar adashi muke yi.

Nawa ne kuɗin shiga?

Yana canzawa, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Tambayi sakatariyar reshen jiharka. Kada ka tura wa kowa kuɗi a asusunsa na kansa, ko da ni ne. Ka biya a asusun cibiya, ka adana rasit.

Ba ta 'yan Kudu ba ce?

Wannan tambayar tana ba ni haushi. Malam Mukhtar Zubairu Sirajo ne ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2023, kafin ya miƙa wa Dakta Ike Neliaku. Ministan Yaɗa Labarai, Alhaji Mohammed Idris, shi ma ɗan gida ne. Idan ka ga hoton taro babu fuskokinmu da yawa, mu ne muka ƙi zuwa.

An naɗa ni mai taimaka wa wani ɗan siyasa kan yaɗa labarai. Shekarata 12 ina aikin jarida. Dole sai na yi rajista?

To, a nan ne gizo yake saƙa, don haka ka saurara da kyau.

Idan harafin doka za mu bi, wanda duk yake aikin hulɗa da jama'a ana biyansa, ba tare da sunansa na cikin rajistar cibiya ba, ya saɓa. Shi ne wanda muke kira sojan gona. Amma wane aiki ne kake yi a zahiri? Sunan muƙami ba ya faɗin komai. Akwai wanda aka ba babban suna alhali aikinsa ɗaukar hoto da sakawa a Facebook. Akwai kuma wanda sunan muƙaminsa ƙarami ne, amma shi ke rubuta sanarwar manema labarai, shi ke tsara abin da maigida zai faɗa idan rikici ya tashi, shi ke fita a matsayin kakaki. Na biyun nan hulɗa da jama'a yake yi ko ya yarda ko bai yarda ba. Na farkon ana iya jayayya a kansa, ni kaina na sha jin manya suna saɓani a kan irinsa.

Za ka ce da yawa suna yi ba rajista kuma ba wanda ya taɓa su. Gaskiya ne, tilasta dokar yana tafiyar hawainiya, ba zan yi maka ƙarya in ce gobe za a zo a kama ka ba. Sai dai ka duba gaba. Muƙamin siyasa na ɗan lokaci ne. Ranar da maigida ya sauka ka tafi neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa, ko ka so buɗe kamfaninka na ba da shawara ka shiga PRCAN, ƙungiyar kamfanonin ba da shawara kan hulɗa da jama'a, takardar rajistar NIPR ce za a iya fara tambayarka.

Batun shekarunka 12 kuwa, suna da amfani, amma ba su ne ke yanke hukunci su kaɗai ba. Ana duba abin da ka karanta da irin aikin da ka yi. Wanda ya karanci aikin jarida ko hulɗa da jama'a, hanyarsa ta fi sauƙi. Wanda ya fito daga wani fanni ana iya cewa sai ya bi ta kwas ko jarabawar cibiya. Kwamiti ne ke tantancewa, ba ni ba, saboda haka kada ka je ka ce na yi maka alkawarin wani mataki. Shawarata: haɗa takardunka da wasiƙar naɗi, ka rubuta ainihin ayyukan da kake yi, ka kawo. Kuma ka saba da cewa yanzu ka tsallaka ɗaya ɓangaren. Da kai ne mai tambaya, yanzu kai ake tambaya, kuma ba kowane gwanin ɗan jarida ne ke iya wannan ba.

Mene ne bambancin ANIPR da MNIPR da FNIPR?

Haruffa ne da mamba ke sakawa bayan sunansa don nuna matakinsa, kuma hawa-hawa ne, a yadda aka jero su. Ƙasa da su akwai matakin ɗalibai da na sababbin masu digiri. FNIPR kuwa majalisar cibiya ke bayarwa bayan doguwar hidima. Kada ka buga haruffan a katinka kafin a rantsar da kai. Na taɓa ganin wani ya yi haka, kunyar da ya sha a wajen taro ba ta faɗuwa.

Shekara 5 ban biya kuɗin shekara ba. An kore ni?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Ki zo a lissafa bashin ki fara ragewa. Amma ki sani, mai bashi ba ya cikin masu kaɗa ƙuri'a ranar zaɓe, kuma kada ki nemi ƙarin mataki da bashi a wuya. Kwasa-kwasan ƙarin sani na wajibi ma ki koma halarta.

Me ya sa ba na jin labarin taruka?

Saboda lambar da ka ba mu ta mutu tun bara waccan. Makon Hulɗa da Jama'a na ƙasa an yi shi a Abeokuta a 2024, aka yi a Uyo a 2025, duk an sanar. Taron reshe kuma ba ka zuwa. Kawo sabuwar lamba.

Za ka iya cike mini fom ɗin?

A'a.