Waiwaye: Daga Aiki a Gida Zuwa Takardar Sallama a Kamfanonin Fasaha na Amurka

Duk lokacin da wani kamfanin fasaha a Amurka ya fitar da sanarwar cewa kowa ya dawo ofis kwana uku ko biyar a mako, ma'aikata kan fara tambayar juna: umarni ne na tsakani da Allah, ko kora ce aka lulluɓe? Masu kamfanoni suna cewa aiki ya fi armashi idan ana ganin juna. Ma'aikata kuma suna cewa an yi musu alkawari an saɓa. Ana ta wannan ja-in-ja kamar jiya abin ya faro, alhali tushensa ya girmi annobar korona.

Aiki daga gida tsohon zance ne. Tun 1973, lokacin tsadar man fetur, wani injiniya mai suna Jack Nilles ya fara nazarin yadda ma'aikaci zai yi aiki ba tare da ya shiga mota ba. A 2010 aka yi dokar da ta tsara shi ga ma'aikatan gwamnatin tarayya. Duk da haka, kafin 2020 kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na ranakun aiki ake yi a gida. Korona ta zo a Maris na 2020, cikin 'yan makonni adadin ya kai wajen kashi 60, daga baya ya sauko ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kuɗin ruwa ya faɗi kusan sifili, kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata kamar ba gobe. Da hauhawar farashi ta yi tsanani, aka fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris na 2022, kafin Yulin 2023 ya haura kashi 5. Masu ƙidayar sallama a fannin fasaha sun lissafa sama da mutum 160,000 a 2022, da sama da 260,000 a 2023. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba kasafai ake kawowa ba shi ne wani ɗan sashe na dokar haraji, sashe na 174. Tun 1954 wannan sashe ya ba kamfani damar cire duk abin da ya kashe a kan bincike da ƙirƙira daga ribarsa a shekarar da ya kashe shi, kafin a yanka masa haraji. A kamfanin manhaja, mafi yawan wannan kuɗi albashin injiniyoyi ne. Babbar dokar harajin da aka sa wa hannu a Disamba na 2017 ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, amma don lissafin kasafin shekara goma ya daidaita, aka sa wasu tanade-tanade masu maido da kuɗi, aka ɗaga fara aikinsu zuwa gaba. Ɗaya daga ciki ya ce daga shekarar haraji ta 2022, kuɗin bincike ba za a cire shi gaba ɗaya ba, sai dai a rarraba shi a kan shekara biyar idan a cikin Amurka aka yi aikin, ko shekara goma sha biyar idan a ƙasar waje ne. Dokar kuma ta faɗi ƙarara cewa rubuta manhaja yana cikin wannan rukuni.

Akantoci da yawa sun ɗauka za a soke tanadin kafin lokacinsa ya yi. Lokaci ya yi, tanadi na nan.

Sai an zauna da alƙalami ake ganin nauyin abin. A ɗauki ƙaramin kamfani da ya samu dala miliyan ɗaya a shekara, ya kuma biya masu rubuta manhajarsa dala miliyan ɗaya. A tsohon tsari ribarsa sifili ce, babu haraji. A sabon tsari, ana fara ƙirga shekaru biyar ɗin daga tsakiyar shekarar farko, don haka kashi 10 kawai zai cire, wato dala 100,000. A takarda ya ci ribar dala 900,000, harajinsa kuwa dala 189,000, alhali asusunsa na banki babu ko sisi. Shekaru huɗu masu zuwa zai riƙa cire kashi 20, ragowar kashi 10 a ta shida. Idan injiniyoyin a Indiya ko Najeriya suke, abin da zai cire a shekarar farko bai wuce dala 33,000 da 'yan kai ba. Wani abin takaicin, ko da an watsar da aikin manhajar a tsakiya, doka ba ta yarda a cire ragowar kuɗin a lokaci guda ba, sai an bi jadawalin har ƙarshe.

Da a ce kuɗin ruwa yana ƙasa, da an ci bashi an toshe giɓin. To amma tanadin ya fara aiki ne a daidai shekarar da bashi ya yi tsada, masu zuba jari kuma suka ɗaure bakin jaka. Manyan kamfanoni masu tsabar kuɗi sun iya shanyewa, kuma ba za a ce sashen shi kaɗai ya jawo sallama ba, don yawan ɗibar ma'aikata na 2021 ma yana da nasa kason. Ƙanana da matsakaita kuwa, waɗanda kusan duk kashe-kashensu albashi ne, sun ji a jikinsu tun kafin Afrilun 2023, lokacin shigar da takardun haraji. Injiniyan da a da ake gani a matsayin jari ya koma layin da ya fi kowane tsada a littafin lissafi.

A nan ne zancen komawa ofis ya haɗu da na sallama. Korar mutum tana da tsada. Dokar WARN ta 1988 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin sallama mai yawa a wuri guda, wato mutum 500, ko aƙalla 50 idan sun kai kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan wurin. Ga kuɗin sallama, wanda dokar tarayya ba ta tilasta ba amma al'ada ta sa ake biya. Wanda ya ajiye aiki da kansa kuwa yawanci ba ya shiga wannan ƙidaya, ba ya samun kuɗin sallama, kuma a jihohi da dama zai sha wahala kafin ya karɓi tallafin marasa aiki. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2024, kan ma'aikata kusan 1,600 na wani kamfanin tafiye-tafiye a ƙasar Sin, ya gano cewa kwana biyu a gida kowane mako ya rage ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku ba tare da aiki ya ragu ba. Ma'aikata sun iya juya lissafin da kansu: idan ba da damar yana riƙe mutane, janye ta zai sa wasu su tafi. Ba kowane umarnin komawa ofis ne ke da wannan manufa ba. Akwai masu hayar gini ta shekara goma da suka sa wa hannu kafin 2020, akwai kuma masu damuwa da horar da sababbin shiga. Amma zargin bai faɗo daga sama ba.

Kuskuren da mutane da yawa suka yi a 2020 da 2021 shi ne dogaro da saƙon imel. An ce musu su zauna inda suka ga dama, suka sayar da gida a birni, suka koma wata jihar mai nisan kilomita dubu, suka sa yara a makaranta, alhali takardar kama aikinsu har yanzu adireshin ofis ne a jiki. A kusan duk jihohin Amurka, ban da Montana, kamfani na iya sauya sharaɗin aiki ko ya sallami mutum ba tare da ba da dalili ba, muddin babu wariya ko saɓa yarjejeniya. Manufar da aka kafa da sanarwa, sanarwa ce ke rushe ta. Ga baƙo mai bizar H-1B kuwa, wato bizar aiki ta ƙwararru, kwana 60 ne gare shi bayan rasa aiki ya samu wani kamfanin ko ya sauya matsayin zamansa. Inshorar lafiya ma da aikin take tafiya. Doka ta ba da damar ci gaba da ita har wata 18, amma mutum ne zai biya kuɗin duka daga aljihunsa.

A Yulin 2025 wata sabuwar doka ta maido da cire kuɗin bincike gaba ɗaya a shekarar da aka kashe shi, ta kuma bar ƙananan kamfanoni su gyara takardunsu tun daga 2022. Gyaran ya tsaya ne a kan aikin da aka yi a cikin Amurka. Aikin manhajar da matashi a Kano ko Kaduna ke yi wa kamfanin can daga ɗakinsa har yanzu a kan jadawalin shekara goma sha biyar ake lissafa shi, kuma wannan na cikin abin da akanta ke dubawa kafin a sabunta masa kwantiragi.