Waiwaye: Yadda Kyamara Ta Hau Ƙofar Matuƙa Jirgin Sama

Maniyyacin da ya taɓa tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, in Allah ya sa kujerarsa na gaba, zai ga ma'aikaciyar jirgi ta tsaya bakin ƙofar matuƙa, ta danna lamba, ta ɗaga kai sama kafin a buɗe mata. Kyamara take nuna wa fuskarta.

Da can ƙofar nan ba ta da wani kauri, kafaɗa ɗaya ta isa ta ɓalle ta. Mu ma abin ya taɓa cin mu. A watan Oktoban 1993 wasu matasa huɗu, masu fushi da soke zaɓen 12 ga Yuni, suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suka karkata shi zuwa Yamai, nan maƙwabta. Wancan zamani horon da ake ba matuƙa shi ne su lallaɓa ɗan fashi har a sauka lafiya.

Harin 11 ga Satumban 2001 ne ya rusa wannan tunani, da jirage huɗu suka zama makami a Amurka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba kamfanoni wa'adin Afrilun 2003 su sa ƙofa mai sulke. Takwararta ta duniya, ICAO, kuma ta ce daga 1 ga Nuwamban 2003, duk jirgin ƙasa da ƙasa mai ɗaukar fasinja sama da 60 sai ya samu ƙofar da harsashin ƙaramar bindiga ba ya hudawa, da kuma hanyar da matuƙi zai ga duk farfajiyar ƙofar yana zaune a kujerarsa. Wannan sharaɗi na biyu ne ya kawo kyamarori. Galibi uku ake sawa, ɗaya a saman ƙofa, biyu suna leƙa wurin haɗa abinci, don kada wani ya laɓe bayan ma'aikaciya. Suna gani ko da an kashe fitilu. Amurka ita ba ta tilasta kyamarar ba, ta yarda da ɗan ramin leƙe.

Sai dai duk tsarin an gina shi ne kan cewa ɓarna daga waje take zuwa. A Nuwamban 2013 kyaftin ɗin wani jirgin Mozambik ya kulle abokin aikinsa a waje, ya faɗo da jirgin a Namibiya, mutum 33 suka rasu. Ranar 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings na Jamus, Andreas Lubitz, ya yi irinta a tsaunukan Faransa, da rayuka 150. Kyaftin na ta bugun ƙofa. Akwai lambar gaggawa ta buɗewa daga waje, amma na ciki yana da maɓallin hana ta aiki, kuma da gangan aka yi shi haka, don kada ɗan fashi ya ƙwaci lambar da wuƙa. A ganina nan ne iyakar kyamara, ba ta yanke hukunci.

Bayan hatsarin Germanwings, Turai ta ba da shawarar kada a bar mutum ɗaya a ɗakin tuƙi, daga baya ta sassauta, kamfanonin Jamus suka daina bi a 2017. A 2023 FAA ta umarci a riƙa sa wa sababbin jirage shinge na biyu, saboda 'yan daƙiƙun da ƙofa ke buɗe in matuƙi ya fito kama ruwa.