Sauya lasisin shafukan intanet na Debian

Debian tsarin kwamfuta ne da masu aikin sa-kai ke haɗawa tun 1993. Rubutun da ke shafinsa na intanet ya daɗe ƙarƙashin lasisin Open Publication License (lasisi shi ne sharuɗɗan da ke fayyace yadda wasu za su iya kwafa, gyara ko yaɗa rubutu), wanda masu nazarin lasisi a cikin Debian suka ce bai cika ƙa'idojin 'yancin manhaja da ƙungiyar ta gindaya wa kanta ba. Sauya shi kuwa ba a hannun shugabanni yake ba. Haƙƙin mallakar kowane sakin layi na wanda ya rubuta shi ne, muddin bai miƙa shi a rubuce ba.

Matakin farko shi ne tsayar da rana. Daga 25 ga Janairu 2012, duk sabon rubutu yana shiga ne ƙarƙashin ɗaya daga lasisin 'yancin manhaja guda biyu: MIT, ko GPL siga ta 2 ko wadda ta biyo baya, mai amfani ya zaɓi wanda ya so. Tsohon rubutu ya ci gaba da zama a kan tsohon lasisi har sai an samu yardar masu shi. Ta haka jerin waɗanda za a nema ya daina ƙaruwa.

Wahalar tana wajen gano marubutan. Ana fitar da sunaye daga tarihin ma'ajiyar fayiloli, wadda a lokacin CVS ce, wato manhajar da ke adana tarihin kowane gyara. Sai dai tarihin yana nuna wanda ya shigar da gyara ne, alhali sau da yawa wani ne ya aiko masa da shi ta imel. Dole a bi bayanin kowane gyara. Fassara ta ƙara dagula lamarin: shafin Faransanci yana buƙatar yardar mai fassara da ta marubucin Turancin da aka fassaro. Gyaran harafi ko waƙafi galibi ba a ɗaukarsa aikin da ke da haƙƙin mallaka.

Shirun mutum ba yarda ba ne a nan. Adireshin imel yakan mutu bayan shekaru, wanda ya rasu kuma haƙƙinsa na magadansa ne. Ana adana kowace amsa, mafi kyau mai sa hannun GPG (sa hannu na dijital da ke tabbatar da wanda ya aiko), tana ambaton lasisin da sunansa da sigarsa. Rubutun da aka kasa samun mai shi, ko dai a cire, ko wani ya sake rubutawa ba tare da kwafa ba.

OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a ke haɗawa a intanet, ta bi wannan hanya a 2012 da ta koma lasisin ODbL, ta goge bayanan waɗanda ba su amince ba, kusan kashi 1 cikin 100. Wikipedia ta tsallake neman kowa a 2009, saboda siga ta 1.3 ta GFDL, lasisin da take kai a lokacin, ta ba shafukan da jama'a ke gyarawa damar komawa lasisin CC BY-SA, na ɗan ƙayyadadden lokaci.