Waiwaye: yadda zaɓen ciyamomi da kansiloli ya fita ran Kanawa

Duk wanda ya san Kano ya san ba garin da ake roƙon mutane su fito zaɓe ba ne, ran zaɓen gwamna tun asuba za ka ga layi har da tsofaffi da mata masu goyo, amma da an ce zaɓen ƙananan hukumomi sai ka ga majalisa cike ana hira akwati kuma babu kowa. Abin nan yana damuna wallahi, don wannan kujerar ita ce mafi kusa da talaka.

Asali dai mulkin En'e ne a ƙarƙashin sarki da hakimai, shi ne su Malam Aminu Kano suka yi ta fafatawa da shi tun kafa NEPU a 1950. A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Najeriya, aka yi ta ƙirƙiro sababbi har Kano ta kai 44 da mazaɓu 484, takwas daga ciki su ne cikin gari: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Inda gizo ke saƙar shi ne kundin tsarin mulkin 1999. Ya ce a riƙa zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi, amma ya damƙa shirya zaɓen a hannun hukumar jiha, a nan Kano KANSIEC kenan wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, kuɗin ma ya ce su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. To ka ga wuƙa da nama duk suna hannu guda. A 2014 zamanin Kwankwaso APC ta kwashe 44 ɗin duka, a 2018 da 2021 zamanin Ganduje haka, na 2018 ma shi ne aka yi ta yawo da hotunan yara ƙanana suna dangwale, sannan ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP ta Abba Kabir Yusuf ita ma ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484. Jam'iyya na canjawa, amma a duk waɗannan zaɓukan sakamakon bai canja ba. A da in wa'adi ya ƙare kuma sau da yawa sai a naɗa kantomomi su yi ta riƙo.

Alhali in ka zauna da mutanen unguwa ba wani dogon buri gare su ba. Ruwa ne na farko, ga matatar ruwa ta Tamburawa ga ta Challawa amma unguwanni da yawa sun manta rabonsu da ruwan famfo, 'yan garuwa ne ke riƙe da gidaje. Sai shara da kwatoci da ke toshewa duk damina ruwa ya shiga ɗakunan mutane, sai firamare da yara ke zaune a ƙasa ajin ya cika maƙil, da asibitin sha-ka-tafi da babu magani, ga uwa uba faɗan daba da ƙwacen waya da shaye-shaye da suka hana iyaye barci. Galibin waɗannan kansila mai kishi zai iya tsayawa a kansu in da yana da kuɗi a hannu kuma ya san ƙuri'ar unguwa ce ta kawo shi, amma wanda aka rubuto sunansa daga sama, ai can saman zai riƙa kallo.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi, mutane sun yi murna sosai. Sai dai hukuncin bai taɓa batun wanda ke shirya zaɓen ba, shi ya sa wasu ke cewa a miƙa wa INEC, wasu kuma su ce ita ma ɗin ai ba a gama yarda da ita ba. Ni dai a ganina ko da kuɗin sun iso Dala ko Fagge kai tsaye, ciyaman ɗin da gidan gwamnati ya ɗora in an kira shi aka ce kawo, zai kai.