Kumburin da ke ƙarƙashin cikin kaguwa ba kullum ƙwai ba ne

Wanda ya kife kaguwar gaɓar tekun Turai ya ga wata jaka mai laushi manne a cikinta, yakan ce ƙwai ta ɗauko. A wajen wasu kaguwoyin ba haka ba ne. Wata halitta ce daban mai suna Sakulina, kuma abin mamaki, dangin kaguwa da jatan lande ce, ko da yake babbarta ba ƙafa, ba ido, ba baki. 'Ya'yanta masu iyo a ruwa ne suka tona asalinta. Wani masanin halittu, John Vaughan Thompson, ya bayyana ta a 1836.

Macen Sakulina tana 'yar mitsitsiya take huda jikin kaguwa ta shige, ta baza saiwoyi ko'ina tana tsotsar abinci, daga baya jakar ta ɓullo. Daga nan kaguwar ta daina haihuwa, ta daina saɓa. Abin da ya fi ba ni tausayi, ita ma ruɗuwa take yi: tana share jakar tana tattalinta kamar ƙwanta. Har namijin kaguwa cikinsa kan faɗaɗa, ya kama wannan reno.