Shin ƙirƙirarriyar basira za ta raba masu haɗa manhaja da abincinsu?

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, tambaya ɗaya ake ta juyawa tsakanin masu sana'ar haɗa manhaja da masu shirin shiga cikinta: tunda na'ura ta iya rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, me ya rage wa mutum? Har iyaye sun sa baki, musamman waɗanda suka matse aljihu suka saya wa yaro kwamfuta don an ce a nan arziki yake.

Wai da gaske na'urar tana rubuta kod da kanta?

Tana rubutawa, kuma ba kaɗan ba. GitHub Copilot, manhajar kamfanin GitHub mai taya rubuta kod, ya fara fita gwaji a 2021, aka buɗe shi ga kowa a 2022. A lokacin, aikinsa bai wuce ƙarasa maka kod ɗin da ka fara ba. Yanzu akwai waɗanda za ka kwatanta musu abin da kake so da maganar baki, su buɗe fayiloli, su rubuta, su gwada, su gyara. A Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗin kamfanin na'ura ce ke samar da shi. Sai dai masu yaɗa maganar sukan yanke ƙarshenta, inda ya ce injiniyoyi ne ke dubawa kafin a amince da shi. Shi ma Satya Nadella na Microsoft ya ambaci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a Afrilun 2025. A tuna cewa duka biyun suna sayar da wannan hajar, kuma mai haja ba ya kushe kayansa.

To aiki ya ƙara sauri ke nan?

Ya danganta da aikin da kuma mai yin sa. A 2022 GitHub ya gwada mutum 95 da ƙaramin aiki iri ɗaya, waɗanda aka ba Copilot suka riga sauran gamawa da kusan kashi 55 cikin 100. Amma aikin sabo ne fil, babu tsohon gini a ƙarƙashinsa. A 2025 cibiyar bincike ta METR ta gwada ƙwararru 16 a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Da suka yi amfani da na'urar, sai aikin ya ƙara cin lokacinsu da kashi 19 cikin 100. Abin dariyar shi ne, bayan an gama, su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Mutum 16 ba su isa a yanke hukunci a kan sana'a guda ba, kuma kayan aikin sun inganta tun daga lokacin, amma binciken ya nuna inda lokaci ke zurarewa: jiran amsa, karanta abin da ba kai ka rubuta ba, da gyaran abin da ya yi kama da daidai alhali ba daidai ba ne.

Korar da manyan kamfanoni suka yi fa, ba hujja ba ce?

Akwai haɗin gambiza a nan. Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, makonni kafin ChatGPT ya fito. Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000, duk an sanar a Janairun 2023, lokacin da na'urar ba ta iya wani abin a zo a gani ba. Waɗannan kamfanoni sun ɗibi ma'aikata fiye da kima a zamanin korona, sannan babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris na 2022, daga kusan sifili har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Kuɗin bulus ya ƙare, masu zuba jari suka fara tambayar riba. Daga baya ne wasu shugabanni suka gane cewa a ce "na'ura ta karɓi aikin" ya fi daɗin faɗi a gaban masu hannun jari fiye da a ce "mun yi ɗaukar ganganci".

Wa abin ya fi taɓawa?

Sabon shiga. Nan ne ciwon yake, kuma ba na jin akwai amfanin a lulluɓe shi.

A Agustan 2025 Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka duba bayanan biyan albashi a Amurka. Suka ga yawan masu haɗa manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 da ke bakin aiki ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022, alhali na waɗanda suka girme su bai faɗi haka ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya san gareji ya san yaron shago ba ya fara da sauke inji. Da miƙo sifana yake farawa, da wanke kaya a fetur, da kwance taya, yana yi yana kallon hannun maigida. A ofishin manhaja, irin wannan aikin shi ne gyaran maɓallin da ya karkace a shafi, rubuta gwaje-gwaje, haɗa fom ɗin rajista, tsara bayanin yadda ake amfani da manhaja. Kamfani ba ya cin riba sosai da su, yana haƙuri ne don a cikinsu yaro ke girma. To su ne ainihin abin da na'ura ta fi ƙwarewa a kai, cikin daƙiƙoƙi, ba albashi ba hutun rashin lafiya. Manajan da aka matsa wa ya rage kashe kuɗi zai ba ƙwararre ɗaya na'ura, ya fasa ɗaukar yara biyu.

A ganina wannan lissafi ne na gajeren zango. Ƙwararren da ake taƙama da shi yau, a kan waɗannan ƙananan ayyuka ya goge. Idan kowane kamfani ya ce wani ya horar, shi ya zo ya ɗauka, nan da wasu shekaru za a nemi mai duba aikin na'urar a rasa.

Me ya sa ake buƙatar mai dubawa, in dai na'urar ta iya?

Ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke son manhajar rubuta bashi da ciniki. Na'ura za ta haɗa maka ita kafin shayi ya huce, ta yi kyau a ido. Amma ba ta san cewa abokin ciniki yakan biya rabi da taransifa, rabi a hannu, ya dawo da dila biyu bayan mako, a kuma rubuta sauran da sunan ƙaninsa ba. Ba za ta tuna da kanta cewa sabis yakan ɗauke a tsakiyar biya, mutum ya sake danna maɓalli, a ciri kuɗi sau biyu ba, sai in wani ya gaya mata. Wanda ya zauna da Alhaji ya ciro waɗannan bayanai daga bakinsa, ya kuma san inda manhaja za ta karye, shi ake biya.

Akwai kuma ɓarnar da take yi da cikakken ƙarfin hali. Takan ƙirƙiro sunan wani ƙunshin kod da babu shi a duniya, kuma 'yan damfara na iya yin rajistar sunan su zuba mugun abu a ciki. A Yulin 2025 na'urar rubuta kod ta kamfanin Replit ta goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa bayan an umarce ta kada ta taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ranar da irin haka ta faru, mutum ake kira ba na'ura ba.

An taɓa irin wannan fargaba a baya?

An yi. Da IBM ya fitar da FORTRAN a 1957, aikin masu rubuta umarni da harshen inji ya ragu, amma masu sana'ar sai ƙaruwa suka yi, don da abu ya yi arha masu nemansa sun yawaita. A 2025 hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta yi hasashen ƙaruwar guraben masu haɗa manhaja da kusan kashi 15 cikin 100 daga 2024 zuwa 2034. Hasashe ne dai, kuma bai ce wa za a ɗauka ba.

Mu da ke wannan yanki fa?

Mun ɗanɗana tun kafin a zo nan. Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbi ta haɗa su da kamfanonin waje, ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a Satumban 2019, ta ce masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Na'ura ta zo ta tarar da wannan giɓin ne ta faɗaɗa shi. Ƙananan kwangilolin da matasa ke kamawa a Upwork da Fiverr, irin su shafin intanet mai fuska biyar, yanzu mai aikin na iya haɗawa da kansa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha zai yi amfani ne gwargwadon abin da ke jiran ɗalibai bayan takardar shaida. Inda ƙofa take a buɗe shi ne cikin gida: asibitoci, makarantu, 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da har gobe a littafi suke lissafi. Kuɗinsu bai kai dala ba, amma aikin na buƙatar wanda ya san su.

To wanda ya fara koyo, ya haƙura ne?

In kwas ɗin wata uku ya yi niyyar yi ya fara karɓar dala, wannan kasuwar ta tashi. In kuma zai iya zama ya fahimci rumbun bayanai, da tsaro, da yadda saƙo ke tafiya tsakanin waya da uwar garke, ya ci gaba. Ya yi amfani da na'urar, amma ya fara gwada warware matsala da kansa kafin ya tambaye ta, kada kuma ya miƙa layin da ba zai iya bayaninsa ba. Ya nemi shago ko makaranta a unguwarsu ya gina musu abin da za su yi aiki da shi kullum, ya zauna da ƙorafinsu na wasu watanni. Masu ɗaukar aiki ma sun canza salo: Pichai ya yi maganar dawo da ganawar ido da ido a gwajin Google, Canva kuma, kamfanin manhajar zane, ta ce masu neman aikin injiniya su zo su yi gwajin da na'urar a gabanta, ta ga yadda suke kama kurakuranta.